Zuwa duniyar Mars: a je a gano, ko a je a zauna?

Mushe Lawali (Birni):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga wata magana da nake son mu tauna tare. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse a hamadar jihar Agadas, nauyinsa ya kusa kilo 25. Masana suka auna, suka tabbatar daga duniyar Mars ya ɓallo. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York kan dalar Amurka miliyan 5.3, kusan miliyar 3 na sefa ke nan, har gwamnatinmu ta Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasa. Tsadarsa ba ta rasa nasaba da cewa har yau babu wanda ya je Mars ya ɗebo ko tsakuwa ɗaya ya kawo, sai abin da Allah Ya jefo mana.

To yanzu ana ta maganar aika mutane can. Hukumar NASA ta Amurka na da wannan buri, Sin ma haka, shi kuma Elon Musk, mai kamfanin SpaceX, cewa yake yi gari guda zai kafa na mutum miliyan ɗaya. Ni matsayina shi ne: a je a yi bincike a komo, wannan ina goyon baya da zuciya ɗaya. Amma a ce za a tare can a hayayyafa, ban ga alamarsa kusa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗalibaina na jin labarin kamar tatsuniyar wasu, alhali dutsen daga ƙasarsu aka ɗauke shi.

Hajiya Rabi (Garin Malam):
Wa alaikumus salam Mushe. Ka yi mini haƙuri, ni abin nan takaici yake ba ni. Da bazara pampon unguwarmu sai ya kwana ya wuni bai ɗiga ba. Ƴaƴana mata na tashi tsakar dare su jera bido, da safe su tafi lekol idonsu jawur. Kuɗin ƴan garuwa ya ninka. A cikin wannan hali za a ce mini wasu na zuba dukiya don su je wata duniya? Da sun fara shayar da wadda muke ciki.

Abdu (Sabon Gari):
Hajiya kin faɗi gaskiya. Ni ko zuwa wata ɗin da ake cewa sun yi ban yarda ba. In sun je a 1969, me ya hana su ci gaba da zuwa?

Mushe Lawali (Birni):
Abdu, Amurkawa sun je sau shida tsakanin 1969 da 1972, mutum 12 suka taka shi. Sun kawo duwatsu da ƙasa kilo 382, masana na ƙasashe da yawa sun bincika su. Tarayyar Sobiyet, wadda suke gasa da ita a lokacin, ba ta ƙaryata ba, kuma da ta sami ƙofa da ba ta yi shiru ba. Kumbon Indiya mai suna Chandrayaan-2 ma ya ɗauki hoton wurin da Apollo 11, kumbon farko da ya sauke mutane a wata, ya sauka. Abin da ya tsayar da su kuɗi ne: an ci gasar, majalisarsu ta rage kasafi.

Kuma ka lura, wata maƙwabci ne. Kilomita 384,000 ne, tafiyar kwana uku. Mars kuwa, ko lokacin da ta fi matsowa, tana nesa da fiye da kilomita miliyan 54, in ta yi nisa ta kai miliyan 400. Ba kullum ake tashi ba, sai bayan kowane wata 26 hanya ke daidaita. Motar bincike ta Perseverance ta tashi 30 ga Yuli 2020, ba ta sauka ba sai 18 ga Fabrairu 2021.

Mamman Sani (ɗalibin ilimin ƙasa, Jami'ar André Salifou):
Inna Hajiya, kukanku gaskiya ne, ni ma a garin nan nake. Amma ku ba ni dama in ce matsalar ruwan Damagaram ba kumbo ya jawo ta ba. Garinmu a kan dutse yake zaune, irin dutsen nan da ba ya riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Ko yau Amurka ta rufe NASA, kuɗin ba Garin Malam za su zo ba.

Abin da zai iya zuwa shi ne ilimin. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a 2023 sun kai ga maido da kashi 98 cikin ɗari na ruwan da suke amfani da shi. Gumi, da tururin numfashi, har da fitsari, duk ana tacewa a sake sha. Tilas ce ta koya musu, don kai lita ɗaya can sama tsada ce mai yawa. Sannan hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke fitarwa, da hotunan tauraron ɗan adam take aiki. Mu ma masu neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da irin hotunan muke duba tsagar dutse kafin a ce a haƙa nan.

Hajiya Rabi (Garin Malam):
Ɗana, tauraron da ke duba mana damina na yarda da shi, yana kallon gonarmu ne. Wanda ya juya mana baya ya nufi wata duniya shi nake tambaya.

Alhaji Ilu (Zango):
Salamu alaikum. Jikana ke karanta mini, shi ke rubuta abin da na faɗa. Na yi shekaru ina ciniki da Buzaye masu ayarin Bilma, masu kawo kantu da dabino. Abin da na sani game da tafiyarsu shi ne raƙumi ba ya tashi da kayan ciniki kaɗai, da ciyawarsa yake tashi. Suna tafe suna ajiye dammunan ciyawa a hanya, don su tarar da su in sun juyo. Madugu kuma ba ya ɗaga ƙafa sai ya san rijiyar da zai kwana a kanta. Shi ya sa nake tambayarku, ku masu boko: su waɗannan matafiya, ina rijiyarsu, kuma wa ya ajiye musu guzurin komowa? In babu amsa, wannan ba fatauci ba ne.

Mamman Sani:
Ranku ya daɗe Baba Alhaji, tambayarku ita ce ainihin wadda injiniyoyin ke fama da ita. Shirin da aka fi magana a kai shi ne a riga aika kaya ba mutum: ɗaki, abinci, na'urar wuta, da injin da zai haɗa man komowa tun kafin kowa ya taso daga nan. Ruwa akwai, amma ƙanƙara ne. Kumbon Phoenix ya tona ya same shi a 2008 a can arewacin Mars, kuma akwai shi jibge a ƙuryar arewa da ta kudu. Sai an haƙa, an narkar, an tace.

Iska kuma, kusan kashi 95 cikin ɗari nata irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi, ga ta siririya, nauyinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. An gwada wata ƙaramar na'ura a jikin Perseverance mai suna MOXIE, ta ciro oksijin daga wannan iska. Ta yi aiki sau 16, jimillar abin da ta samar giram 122.

Alhaji Ilu (Zango):
Giram 122 ɗin nan, mutum nawa zai riƙe?

Mamman Sani:
Mutum ɗaya, na ƴan awoyi kaɗan, Baba. Gwaji ne kawai don a ga ko abin na yiwuwa. Wadda za ta yi aikin gaske sai ta ninka wannan sau ɗaruruwa.

Alhaji Ilu (Zango):
To ba a haƙa rijiyar ba tukuna. An dai ga danshi.

Ibro (malamin gona, Matameye):
Ni wajen ƙasa zan tsaya, don nan nawa aikin yake. Mutane na ganin hoton Mars ja, da tuddan rairayi, sai su ce ai kamar hanyar Gure ce. Ba haka ba ne ko kaɗan. Rairayin Gure na da rai a cikinsa. Ka kafa shingen kara ka tsare shi daga dabbobi, damina biyu ciyawa ta fito. Ƙasar Mars ba ta da taki, ba ta da ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye su mai da shi abincin shuka, kuma Phoenix ɗin da Mamman Sani ya ambata ya sami wani gishiri mai guba a cikinta, wanda ke taɓa maƙoƙon mutum. Kafin a shuka komi sai an wanke ƙasar, da ruwan da shi ma sai an wahala a same shi. Sanyi kuma, matsakaicinsa wajen digiri 60 ƙasa da sifili.

An taɓa gwada rufaffiyar duniya a nan ƙasa. A jihar Arizona ta Amurka aka gina wani ƙaton gidan gilashi mai suna Biosphere 2, aka sa mutum takwas a ciki daga 1991 zuwa 1993, da gonarsu da awakinsu da kajinsu, aka rufe. Yunwa ta kama su, suka rame. Oksijin ya sauka daga kashi 21 zuwa wajen 14, sai da aka busa musu daga waje. Da aka bincika, ashe ƙwayoyin cikin takin ƙasar ne ke shanye shi, sumuntin ginin kuma na haɗiye iskar da suke fitarwa, wadda ya kamata tsirrai su juya. Ba wanda ya hango wannan. Kuma su ƙofa na nan kusa, da likita a bayanta.

Abin da ke sa ni jin ciwo in an ce wai duniyarmu ta lalace a nemi wata: ku zo Matameye da Magariya ku ga gawo. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 an ce ƙasar nan ta mutu. Manoma suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa sassabe tohon suna barin mai ƙarfi. Yau ana lissafin eka miliyoyi tsakanin Maraɗi da Damagaram, kimanin hekta miliyan 5, da itace wajen miliyan 200. Da gatari da haƙuri aka yi shi. Mafi munin fili a Tenere ya fi mafi kyawun fili a Mars sauƙin rayuwa, don a Tenere kana shaƙar iska kyauta.

Mushe Lawali (Birni):
Malam Ibro, a kan zama muna tare. Ka ƙara da ƙura. A 2018 guguwar ƙura ta lulluɓe Mars gaba ɗaya, ta rufe rana, motar Opportunity da ke aiki da hasken rana tun 2004 ta yi shiru har yau. Mota ce, an yi jimami an wuce. Da mutane ne masu dogaro da wannan wutar don iska da ɗumi, da wani labari ake yi.

Malam Habu (Birni):
Bismillah. An yi mini tambaya ta gefe kan hukuncin wannan tafiya, na ga gara in amsa a nan. Duban halittar sammai da ƙasa da neman sanin yadda Allah Ya tsara su abu ne da addini ya kwaɗaitar, kuma Musulmi sun daɗe a wannan fage. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya hau kumbo a 1985. Da ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, zai tafi a 2007, malaman ƙasarsu sun zauna sun fitar masa da jagora: ya bi lokutan sallar wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Ke nan fita daga duniya don ilimi malamai ba su hana ba.

Inda aka ja layi shi ne tafiyar da ba komowa. Wani kamfani na Holan mai suna Mars One ya yi shelar zai kai mutane su zauna har mutuwa. A 2014 hukumar harkokin addini ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba da fatawa cewa irin wannan bai halatta ba, don jefa rai ne cikin halaka. Kamfanin ya karye a 2019 bai kai kowa ko'ina ba. Ita kuma ƙasar da ta ba da fatawar, kumbonta ya isa Mars a 2021 yana nazarin iskarta. Kun ga babu saɓani: bincike daban, sayar da rai daban.

Akwai abin da ni kaina nake ta juyawa. Wunin Mars ya fi namu da kusan minti 40, sallah biyar za ta zauna. Amma shekararta kwana 687 ce, kuma watanninta biyu ne ƙanana, ɗaya ma daga yamma yake fitowa. Azumi sai dai su bi ganin watan mutanen duniya. Al'ummar da ibadarta ke rataye da labarin da za a aiko mata daga wata duniya, wannan mas'ala ce da ke son zaman manyan malamai.

Hadiza (mai karatun shari'a, Yamai, ƴar Tudun Jamus):
Allah Ya ƙara sani Malam. Ni tambayata ta mallaka ce. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta ce wata ko wata duniya tata ce. Amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar mallakar abin da suka haƙo a can, Luksambur ta bi sahu a 2017. Wato fili ba naka ba ne, amma abin da ke cikinsa naka ne in ka riga kowa. Mu da ake haƙar uraniyom a Arlit tun 1971 mun san inda irin wannan magana ke ƙarewa.

Kuma ku yi tunanin garin da kamfani ɗaya ke riƙe da iskar da kowa ke shaƙa. Ma'aikaci zai iya yajin aiki a wurin? Wa zai kai wa ƙara? Ina zai gudu? Ni wannan ya fi ba ni tsoro fiye da sanyi da ƙura. Shi ya sa ban yarda mu ce ba ruwanmu ba. In ba mu da masana da lauyoyi a teburin da ake rubuta dokokin, za a rubuta su ba mu, kamar yadda aka saba.

Abdu (Sabon Gari):
Yaya Hadiza, mu da ko allura ba mu ƙerawa, wa zai ba mu kujera a teburin?

Mushe Lawali (Birni):
Kada ka rena mu haka Abdu. Cheick Modibo Diarra ɗan Mali ne, a Segu ya tashi, ya yi aiki a NASA cikin shirin Mars Pathfinder da ya sauka a 1997, daga baya ya zama firaministan ƙasarsu a 2012. Indiya ta kai kumbonta Mars a 2014, a gwajin farko, da kimanin dalar Amurka miliyan 74, lokacin da ita ma take fama da talauci. Kuma ƙasar Hausa ta daɗe da shiga littafin masanan: a Oktoban 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, shi ma na Mars ne, kuma da sunan ƙauyen ake kiransa a duk duniya. Abin da ke hana mu shi ne ajin kimiyya da ba ɗakin gwaji, da yaran da ke gudun lissafi tun daga kwaleji don ba a nuna musu amfaninsa ba.

Zeinabu (ungozoma):
Na karanta duka, ban ga wanda ya taɓo abin da nake gani kullum a wurin aiki ba. Zama ba gini ba ne, haihuwa ce. Garin da ba a haihuwa a cikinsa zango ne kawai. Har yau ba a taɓa ɗaukar ciki ko haihuwar ɗan adam a wajen duniyar nan ba. Nauyin jiki a Mars kashi 38 cikin ɗari ne na nan. Babu wanda ya san yadda ƙashin jariri zai ginu a haka, ko yadda mahaifa za ta riƙe. Manya ma, masu lafiya da horo, a tashar sararin samaniya ƙashinsu na raguwa da kashi ɗaya ko fiye a kowane wata, wasu idonsu na canzawa. Wanda ya fi kowa daɗewa a tafiya ɗaya shi ne likitan Rasha Valeri Polyakov, kwana 437, kuma zuwa Mars da jiran hanya da komowa ya kusa shekara uku.

Ga kuma hasken nan mai ratsa jiki da ke fitowa daga rana da sararin sama. Duniyarmu na da kariyar maganaɗisu da iska mai kauri, Mars ba ta da irin wannan, shi ya sa ake maganar binne ɗakuna ƙarƙashin ƙasa. Babba zai iya sa hannu ya ce na yarda da haɗarin. Jaririn da za a haifa a rami, wanda wataƙila jikinsa ba zai taɓa ɗaukar nauyin duniyar kakanninsa ba, wa ya tambaye shi?

Na ga macen da naƙuda ta gardame mata a ƙauye, aka ɗoro ta a amalanke, kafin a iso gari jini ya ƙare. Tazarar ƴan kilomita ce. A Mars saƙo kaɗai na ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya iso nan, amsa ma haka.

Hajiya Rabi (Garin Malam):
Allah Ya yi miki albarka Zeinabu. Abin da ke raina ke nan ban iya faɗa ba.

Ibro (malamin gona, Matameye):
To ni zan ma wuce Mushe. In zama bai yiwuwa, me ya sa za a aika mutum ko don bincike? Motocin na aiki. Curiosity na can tun 2012. Ƙaramin jirgin nan mai saukar ungulu, Ingenuity, an yi masa shirin tashi biyar, ya tashi 72. Ba ya ci, ba ya sha, ba shi da uwar da za ta yi kuka.

Mamman Sani:
Malam Ibro, a nan ne ban bi ku ba. Opportunity ta yi fiye da shekara 14 kafin ta ci kilomita 45. Mutanen Apollo 17, da masanin duwatsu Harrison Schmitt a cikinsu, sun ci kimanin kilomita 35 a kan wata cikin kwana uku, kuma shi ya hango wata ƙasa mai ruwan lemu da ba wanda ya sa ta cikin shiri. Mu masu karatun duwatsu mun san wannan: ka ɗaga dutse, ka juya shi, ka fasa da guduma, idonka ya ce maka ba wannan ba, wancan. Tambayar da ake son amsawa babba ce, ko an taɓa yin rai a can. Ramin Jezero da Perseverance ke ciki tsohon tabki ne, da alamar bakin kogi. In akwai amsa, a irin wannan wuri take, kuma hannun mutum zai fi saurin kai mata.

Zeinabu (ungozoma):
Ƙanena, Schmitt kwana uku ne tsakaninsa da gida. Kuma mutum na tafe da ƙwayoyin cuta na jikinsa, biliyoyi, ba a iya wanke shi kamar yadda ake wanke mota kafin a harba ta. In ya taka wurin, sannan aka sami alamar rai, ta yaya za ku rarrabe na can da wanda ya kai? Ku fara kawo duwatsun da Perseverance ta tara a cikin bututu tukuna, a duba su a nan. In an gama da su tambaya ta rage wadda sai mutum, sai a zo a yi maganar wa za a aika da yadda za a komo da shi.